Uwar mijin ƙanwata ta zubar mata da maganin tazara, ta sa an mare ta: me zan yi?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa mazaunin garin Gadarif a ƙasar Sudan. Ƙanwarsa mai shekara 22 tana aure a wani ƙauye a bakin kogin Rahad, a babban gida tare da uwar mijinta da ƙannensa. 'Ya'yanta uku, duk mata, ta ƙarshen da tiyata aka ciro ta wata biyar da suka wuce. Likita ya ce ta huta shekara biyu, aka ba ta ƙwayoyi. Uwar mijin ta gan su a ƙarƙashin katifa, ta zuba su a masai, ta ƙwace katin asibiti, ta sa ƙanin mijin ya mare ta a tsakar gida, tana cewa an kawo musu wadda za ta kashe musu gida, ga ta ba ta haihuwar namiji. Mijin yana wajen haƙar zinari a arewa, yakan zo bayan wata biyu ko uku, in an gaya masa sai ya ce a yi haƙuri, uwa ce. Mai tambaya yana son sanin abu uku: uwar miji tana da wannan ikon a addini? Ƙanwarsa ta yi allura a ɓoye? Ko ya je ya ɗauko ta?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya kan lamarin 'yar'uwarka. Ni ungozomar asibiti ce, na yi aiki a ƙauyukan Gadarif da na Sinnar. Abin da ya shafi jiki zan gaya maka shi daga abin da na sani na aikina. Abin da ya shafi shari'a kuwa zan kawo maka abin da malamai suka rubuta, ka kai wa limaminku ya duba.

Uwar miji ba ta da wannan ikon, a addini da a dokar Sudan duka. Amma bari in fara da cikin ƙanwarka, don shi ba ya jiran a gama sulhu.

Idan aka yi wa mace tiyatar haihuwa, ba fatar ciki kaɗai ake tsagawa ba. Ana ratsa fata da kitse, a buɗe naman ciki, sannan a yanka mahaifar kanta daga ƙasa a ciro jariri, a ɗinke. Ɗinkin waje yakan kame cikin mako biyu, shi ya sa mutanen gida suke ganin ai ta warke, tunda ga ta tana daka tana ɗebo ruwa. Tabon da ke jikin mahaifa ba a ganinsa, kuma shi ne mai buƙatar lokaci. In ciki ya shiga da wuri, mahaifa za ta sake buɗewa a kan tabon da bai yi ƙwari ba, haɗarin ya yage a lokacin naƙuda sai ya ƙaru. Ko macen da ta haihu da kanta, ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a 2005 sun ba da shawarar ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wata 6 kuma bayan ɓari. Ka ga likitan bai ƙirƙiro wa ƙanwarka wani abu sabo ba.

Na sha karɓar irin abin da ake gudu. Da damina baƙar ƙasar nan tamu ba ta barin mota ta wuce, sai a kawo mace a kan gadon igiya a bayan tarakta. Naƙudar da ta kwana tana yi ta tsaya cak, 'yan rakiya har suna cewa ta samu sauƙi. Leɓenta fari fat, gumi mai sanyi, bugun jininta yana gudu babu ƙarfi. In na ɗora hannu a cikinta sai in ji gwiwar jariri da diddigensa dab da fata, domin ya riga ya fice daga mahaifa ya faɗa cikin ciki. Da wuya a samu jaririn da rai. Uwar kuwa in Allah ya sa an samu jini da likitan fiɗa a kan lokaci, sau da yawa sai an cire mahaifar gaba ɗaya. Gidan da ya kasa haƙurin shekara biyu sai ya rasa haihuwarta har abada, in ma bai rasa ta ita kanta ba.

Sai ƙarancin jini. Haihuwa uku a jere, ga zazzaɓin cizon sauro da ba ya rabuwa da bakin kogi, ga shayarwa. Ran da ka je, ka ce ta ja fatar idonta ta ƙasa ka duba. In ka ga cikin ya yi fari maimakon ja, tana buƙatar a auna jininta a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini.

Wani zai ce ai tana shayarwa, ciki ba zai shiga ba. Shayarwa tana karewa ne da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Jaririyar ƙanwarka tana wata biyar, kuma a ƙauyukanmu da wuya a kai nan ba a fara ɗura wa yaro ruwa da kunu ba. Tunda an zubar da ƙwayoyin, ka ɗauka yanzu ba ta da wata kariya, kuma zuwan mijin na gaba shi ne wa'adin da kake da shi.

Yanzu addini, tunda da shi ake rufe wa mata baki. Ayar shayarwa a Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, sannan ta ce in su biyun suka so yaye bisa yarda da shawara a tsakaninsu babu laifi a kansu. Su biyun, uba da uwa. Yaye ma kenan, balle ɗaukar ciki. Hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka ba a hana su ba, kuma akasarin malamai sun sharɗanta yardar matar, babu wanda ya ambaci yardar uwar miji. Majalisar Fiƙihu ta Duniya mai mazauni a Jidda, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa ba da tazara na wani lokaci ya halatta in akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar miji da mata, muddin babu cutarwa kuma hanyar halattacciya ce. Tsayar da haihuwa kwata-kwata shi ne ta haramta, shi ma ta bar ƙofa ga larura. Abin da likita ya nema wa ƙanwarka hutu ne na shekara biyu.

Za a kawo maka hadisin da ya kwaɗaitar da auren mace mai soyayya mai haihuwa. Gaskiya ne, kuma ƙanwarka ta haifi uku tana 'yar shekara 22, wa zai ce ba mai haihuwa ba ce? Tazarar ma don ta ci gaba da haihuwar ce.

Littafin da malamanmu suka taso a kansa, Muhtasar na Shehu Halil, ya faɗa ƙarara cewa mace tana da damar ƙin zama gida ɗaya da dangin mijinta. Akwai togaciya a kan wasu matan, da wadda aka sharɗanta mata zaman tun wajen ɗaurin aure, amma masu sharhi sun ce ko su ma in cutarwa ta tabbata sai a raba musu wuri. Shi dai littafin ya ba mace damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa bayyananniya. Ƙanin miji kuwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi game da shigar ɗan'uwan miji wurin matar, cewa ya yi shi ne mutuwa. Wanda aka yi wa wannan kashedi a kan shiga mata ɗaki, a ina ya samo izinin ɗaga mata hannu? Uwar mijin ma, a ina ta samo na ƙwace mata kati da binciken ƙarƙashin katifarta?

Zancen namiji ba ya buƙatar dogon bayani. Kowace mace ƙwai iri ɗaya take bayarwa. Maniyyin namiji ne yake ɗauke da iri biyu, wanda ya riga isa shi yake sa a samu namiji ko mace, da ikon Allah. In da za a tuhumi wani, uwar mijin ɗanta za ta tuhuma, shi ma kuma ba zaɓinsa ba ne. Suratush Shura, aya ta 49 da 50, ta ce Allah yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, kuma da mata aka fara.

To me ya sa tsohuwa take yin haka? Ba don in wanke ta ba, sai don ka san da wa kake magana. Matan wannan tsara da yawansu sun haifi goma sun binne huɗu ko biyar, a wurinsu yawan haihuwa shi ne abin da ke sa a tsira da wasu. Ba ta da fansho, ɗanta da jikokinta maza su ne abincinta na tsufa, su ne hannun da zai yanki riɗi da dawa. Tun rikicin da ya rutsa da Hausawa a yankin Damazin da Rusairis a 2022, na ƙara jin dattawanmu suna cewa yawa shi ne garkuwa. Ta kuma ji ana cewa maganin nan yana ƙone mahaifa, ba ta taɓa samun wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani ba. Ba ita kaɗai ba ce: binciken da hukumar ƙididdiga ta Sudan ta yi tare da UNICEF a 2014 ya samu wajen kashi 12 cikin 100 kacal na matan aure suke amfani da wata hanyar tazara, kuma kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da aka kawo gida tana ƙarama, surukarta ce ta ƙarasa rainonta, har ta girma tsohuwa ba ta daina yi mata kallon 'yar da za a juya ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula abin. Mutanen Jazira da Sinnar sun kwararo Gadarif, matan da suke da gidajensu na kansu sun koma ɗaki ɗaya a gidan surukai, maza sun bazu neman abinci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tazara ba baƙuwa ba ce a wurin kakanninmu. Mace takan tafi gida goyon ciki, ta yi wankan jego, ta daɗe. Wadda ta yi ciki da goyo a baya cewa ake ta yi kwanika, abin kunya ne, tsofaffi su yi mata faɗa su yi wa mijin. Wannan tsohuwar ta san haka, wataƙila ita ma shekara biyu-biyu ko uku-uku ne tsakanin 'ya'yanta. Duk wanda zai yi mata magana ya bi ta wannan ƙofar. Ya tambaye ta, “Inna, a zamaninku mace tana yin ciki da goyon wata biyar?” Ya bar ta ta ba da amsa da bakinta.

Duk da haka, a ganina ba wurin tsohuwar aikinka yake ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ikon da take nunawa aron sa ta yi daga shirun ɗanta. Ran da ya ce, “Inna, ni da likita muka yanke wannan, matata ce,” ranar abin zai fara lafawa, ko da ta yi fushi ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. “A yi haƙuri, uwa ce” maganar mutumin da ya zaɓi matarsa ta sha wahalar da shi yake tsoron sha ce. Biyayyar iyaye wajibi ce a kansa, amma Annabi ya ce biyayya tana cikin abin da yake na alheri ne. Ciyar da uwa da girmama ta da sauke mata murya duk suna ciki. Jefa ran matarsa cikin haɗari don kada ran uwa ya ɓaci ba ya ciki, kuma shi za a tambaya, domin a hannunsa waliyyinta ya damƙa ta, ba a hannun gidansu ba.

Don haka ka neme shi kai tsaye, surukinka ne, ba sai ta bakin kowa ba. Kada ka fara da marin, ko da yake na san shi ne yake cin ranka. Ka fara da tiyatar. Ka ce likita yana son ganin ta bayan aikin da aka yi mata, kana son ya zo Gadarif ku shiga tare. Maza da yawa da na gani suna taurin kai a gida, in suka zauna gaban likita aka zana musu mahaifa a takarda aka nuna inda ɗinkin yake, jikinsu yakan yi sanyi. Wasu lissafi ne yake dawo da su: kuɗin tiyata ta biyu, kuɗin jini, kuɗin tarakta da tsakar dare. Ba komai, kowace ƙofa ya shigo ta nan ce. Batun kati kada ya dame ka, ana buɗe sabo, sai dai a gaya wa likita ranar da aka yi aikin da dalilin yin sa. In mijin ya amince, shi zai sanar da mahaifiyarsa, kuma ya ce “na yanke”. In ya ce “ta ce tana so”, ya ƙara jefa ta a wuta.

Batun allura a ɓoye, sai an bambance daga wa ake ɓoyewa. Ɓoye wa uwar miji ba ya buƙatar fatawa, tun farko ba ta da hakkin sani, kamar yadda ba ta da hakkin sanin sauran abin da ke tsakanin mata da miji. Ɓoye wa miji shi ne mai nauyi, domin asalin hukuncin an gina shi a kan yardar su biyu. Shawarata kada a fara da shi tun ba a gwada zama da shi ba, musamman tunda a tambayarka ban ga inda shi da kansa ya hana ba, shiru kawai ya yi. Amma in an zauna da shi, likita ya yi masa bayani, ya kafe a kan sai ta yi ciki, to ni ba zan ce wa mace mai sabon ɗinki a mahaifa ta miƙa wuya ba. Ƙa'idar “babu cuta, babu cutarwa” sananniya ce, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ta kai takardar likita wurin malamin da ya san fiƙihu, ta yanke da kanta. Jikinta ne, kai ma ba za ka yanke mata ba. Na ga 'yan'uwa maza da suka ceto ƙannensu daga hannun surukai sannan su ma suka hau ba da umarni.

Ta kuma san gaskiyar kowace hanya kafin ta zaɓa, don babu wadda take ɓuya ɗari bisa ɗari. Allurar wata uku ba ta barin alama a jiki kuma ba ta rage nono, amma tana sauya al'ada. A watannin farko jini yakan riƙa ɗigowa ba a kan lokaci ba, daga baya ga mata da yawa ya ɗauke gaba ɗaya. A gidan da ake lura da ranar da mace ta yi sallah da ranar da ba ta yi ba, wannan kaɗai yana iya tona ta, ko a ɗauka ciki ne a fara murna. Ta tambayi malami hukuncin jinin cuta don kada ta riƙa barin sallah a banza. Bayan an daina allurar haihuwa takan yi jinkirin dawowa na wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara, amma tana dawowa, kuma wannan jinkirin ne ya haifar da jita-jitar ƙone mahaifa. Ashanar da ake sakawa a damtse tana aiki shekara uku ko biyar gwargwadon irinta, ba a mantuwa da ita, ana cirewa haihuwa ta dawo da sauri, sai dai duk wanda ya shafa wurin zai ji ta. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara goma, ana iya saka ta ga wadda aka yi wa tiyata, amma tana iya ƙara yawan jinin al'ada, abin dubawa ga mai ƙarancin jini, kuma miji yana iya jin zarenta. Ƙwayoyin masu shayarwa suna da kyau, amma dole a sha kullum a lokaci ɗaya, kuma kun riga kun ga abin da ya same su. Ga wadda take nesa da asibiti, a lokacin da magani yake yankewa saboda yaƙi, na fi karkata ga ashana in mijin ya sani, don ba sai ta nemi hanyar gari da damina duk bayan wata uku ba.

Sai marin. Kada ka yarda a mayar da shi ƙaramin abu. Laifi ne a dokar laifuka ta 1991, ko wane ne ya yi shi, kuma dukan da aka yi a tsakar gida aka kwana lafiya yakan dawo da wanda ya fi shi. Kowa a ƙasar nan ya ji shari'ar Nura Husaini a 2018, yarinyar da dangin miji suka danne ta don ya tara da ita, daga baya ta kashe shi, kotu a Omdurman ta yanke mata hukuncin kisa kafin ɗaukaka ƙara ya mayar da shi ɗaurin shekara biyar. Ban ce gidan ƙanwarka ya kai can ba. Amma duk inda dangi suka saba sa hannu a jikin matar ɗansu, ba a sanin inda abin zai tsaya. In aka sake taɓa ta, a kai ta asibiti a ranar, a nemi a cike Ornik 8, takardar da likita yake rubuta rauni a kai don hukuma. Ko ba ku shigar da ƙara ba, ku ajiye ta. Ku ɗauki hoton raunin, ku riƙe sunayen maƙwabtan da suka gani.

Kafin kotu akwai hanyar da mutanenmu suka fi jin nauyinta, wato zaman ajawid, dattawa masu sulhu. Alƙur'ani ma a Suratun Nisa'i, aya ta 35, ya ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ka tafi da waliyyin da ya ba da aurenta, ko baffanku, da liman da shehun ƙauyen. Ku nemi abubuwa ƙayyadaddu, kada a tashi da “kowa ya yi haƙuri” a shafa fatiha: ƙanin miji ya ba ta haƙuri a gaban mutane, a kewaye mata nata sashen da nata murhu ko da da zana ne, kada kowa ya shiga ɗakinta ba da izininta ba, zuwa asibiti ya zama tsakaninta da mijinta. A sa kuɗin cefanenta ya riƙa zuwa hannunta. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi. Miji yana turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, zuwa wayar ƙaninsa ko ta mahaifiyarsa, matar ba ta da ko na raksha, wato keke mai ƙafa uku, to da me za ta je awo? In da hali ka saya mata ƙaramar waya ta kanta, ka kuma samu wata mace a ƙauyen, ungozomar ƙauye ko matar liman, wadda za ta kira ka in wani abu ya faru.

Barazanar da aka fi tsorata mata da ita ita ce in ta fita za a riƙe 'ya'yan. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta bar riƙon yara a hannun mata, uwa ce a gaba, har namiji ya kai shekara 7, mace ta kai 9, alƙali kuma yana iya ƙarawa in maslahar yaro ta buƙata, ciyarwa tana kan uba. Ita dai dokar ta ba mace damar neman a raba aure saboda cutarwa. Kotu tana da jan lokaci, balle a wannan hali da ake ciki, amma sanin hakan kaɗai yana sauya yadda ake zama a tabarmar sulhu. Barazanar kishiya kuwa, kada ta sa ta sayar da ranta. In zai ƙara aure zai ƙara ko ta haifi namiji.

Ka ɗauko ta? Ka fara tambayarta ita, ku biyu, inda ba mai ji. In ta ce tana tsoron ranta, ko an sake dukanta, ko ana hana ta abinci ko fita asibiti, ka ɗauko ta da 'ya'yanta a ranar, magana ta biyo baya. In abin bai kai haka ba, ka ɗauko ta da sunan ganin likita, da sanin mijinta, ta zauna wurinka har a yi zaman. Hakan ya fi yaji, don ba wanda zai ce ta fita ba da izini ba ya fake da wannan ya hana ta haƙƙinta.

Mai yiwuwa kafin duk wannan cikin ya riga ya shiga, don haka a fara da gwajin fitsari. In an samu, kada ta kusanci jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin kasuwa don ya zube. Ga mai ɗinki a mahaifa wannan hanyar zubar jini ce, kuma sashe na 135 na dokar laifuka bai yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, ko in ɗan ya mutu a ciki, ko cikin fyaɗe da bai kai kwana 90 ba. Mata da yawa sun ɗauki ciki da wuri bayan tiyata sun sauka lafiya saboda an kula da su. Ta fara awo tun watannin farko, ta sha maganin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro, kuma kada a cire jaririyar daga nono da rana ɗaya wai nonon ciki guba ne, wannan yayen na gaggawa shi yake kawo tamowa. Haihuwar gida babu ita a wannan karon, ko wa ya ce. Tun cikin yana wata takwas ta dawo Gadarif kusa da asibitin da ke da ɗakin tiyata, in kuma lokacin zai faɗo tsakanin Yuli da Oktoba ta taho tun kafin hanya ta yanke. Ka sa a auna rukunin jininta, ka tanadi mutum biyu cikin dangi da za su iya ba ta, ka riƙe lambobinsu.